Ranar da Muka Gasa Ƙafar Mota a Gindin Rumbu

Motata ta girme ni da shekara biyu, amma duk wanda ya gan mu tare sai ya ɗauka ita ta yi renon kakana. Tsohuwar bashe ce, irin mai buɗaɗɗen baya da ake lulluɓe wa tamfal, fentinta kuwa ya bi ruwan damina tun kafin ta shigo hannuna. In na tashe ta da safe a Madarumfa, tarin da take yi yakan sa mutanen Safo su san na fito. Da ita nake kai tumatir da zogale da kifin tabki Maraɗi, da ita nake dawowa da duk wanda ya ɗaga mini hannu a hanya, shi da awakinsa.

Wata shekara ruwa ya sauka da ƙarfi tun farkon damina, hanyoyin lambu suka koma kunu. Na ga in na ci gaba da fita, wata rana sai an sa masunta sun nemo ni, sai na ce bari in ajiye ta har kaka. Gidanmu gidan gandu ne, ni da yayana da iyalanmu, gona ɗaya, rumbu ɗaya. Wurin da ruwa ba ya kwanciya a duk gidan shi ne tudun da rumbun yake a kai. Nan na kai ta da baya da baya har gindinta ya kusa taɓa zanar rumbun, na ja birkin hannu da duk ƙarfin da Allah ya ba ni, don kada ta gangara.

Yaya mutum ne mai tsadar magana. In ya jera kalma goma a zama ɗaya, matan gida sukan leƙo su ga ko lafiya. Dokarsa guda ce tun ranar da ya ga rumfar wani mai sayar da isansi, wato fetur, ta kama da wuta a bakin hanya: isansi ba ya kwana a gidan nan. To a gabansa na zura tiyo na zuƙe tankin motar tas, na juye a bido, wato jarka, na kai gidan wani abokina, na bar bakin tankin a buɗe ya sha iska. Yaya ya tambaye ni ko akwai saura. Na ce wallahi babu ko ɗigo a motar nan.

Ƙarya na yi. Mutumin da na sayi motar a wurinsa ya daɗe yana wasan ɓuya da ƴan duwan, wato kwastan, a kan iyaka, kuma ya sa an liƙa masa wani tanki shimfiɗaɗɗe a ƙarƙashin bayan motar, daidai saman ƙafar baya ta hagu. In ba ka kwanta ƙasa ba ba za ka gan shi ba. Ba shi da famfo, wani guntun tiyo ne kawai ke reto daga cikinsa, an lanƙwashe bakinsa an ɗaure da robar taya. Lokacin da isansi ya yi araha na cika shi maƙil, ya ci bido uku. Na ce a raina wa zai sani, ai da kaka ina tura ta waje magana ta ƙare.

Kaka ta yi, aka zuba gero a rumbu aka rufe, tumatir ya fara nuna a bakin tabki. Na saki birkin hannu, na kira maza takwas daga majalisa su tura mini ita waje. Ƙafa uku suka yarda, ta baya ta hagu ta ce ita nan gidan ubanta ne. Muka tura har wani ya fasa wando, ba ta juya ko tsawon ɗan yatsa ba, sai ma ƙara nutsewa da ta yi cikin yashi.

Na kira makanisiyena, mai gyara mini ita a Maraɗi, a waya. Da ya ji wata nawa birkin ya yi a jaye, sai da ya yi dariya ya ƙoshi tukuna. Ya ce birkin ne ya manne da tambur, wato kaskon ƙarfen nan da ke bayan taya, wanda birki ke cizo daga ciki. Laima ta shiga, tsatsa ta haɗa su sun zama abu guda. Ya ce in cire tayar, in zuba baƙin mai ta gefe, in riƙa bugun tambur ɗin da guduma ina zagayawa har ya saki in zare shi. Shi ba zai samu zuwa ba sai wani sati.

Na ɗaga ta da kirik, wato jak, na tokare gatarin baya, ƙarfen da ke riƙe tayoyin, da tsohon turmin matata, na cire tayar. Ga tambur nan ja wur da tsatsa kamar an tono shi daga kabari. Kwana uku ina bugunsa. Na buge shi da sassafe, na buge shi da rana, na buge shi har kajin gidan suka daina ƙwai. Na sa ƙarfe na ɓamɓara ta baya, ƙarfen ya lanƙwashe. Na yi masa magana mai daɗi, na zage shi, na karanta masa abin da na sani. Kuma duk bugun nan rabin hankalina na kan guntun tiyon da ke reto sama da kaina, tazarar taƙi ɗaya, ina tsoron tartsatsi. Na so in faki ido in zuƙe tankin, amma Yaya da kaka ba ya nisa da rumbu. Wuni yake a gindin dogon yaro yana tufkar igiya, idonsa a kaina, kuma warin isansi ba ya ɓuya.

Rana ta huɗu da hantsi ina durƙushe sai na ji sallama. Na waiwaya, ga ɗan kawuna nan ya shigo da zugazugi a kafaɗa da buhun gawayi a ka. Mahaifiyarmu ƴar gidan maƙera ce, shi kuma shi ya gaji maƙerar kawu. Taubashina ne, shi ɗan namiji ni ɗan mace, don haka tun muna yara ba ya kirana da komai sai bawansa, kuma tsakanina da shi ba a taɓa yin maganar gaske ta minti ɗaya ba. Ashe Yaya ne ya tausaya mini, ya tafi da kansa ya kira shi.

"Bawana," in ji shi, "an ce mani ƙarhe ya kada ka har sau uku. Matsa, ubangidanka ya zo."

Ya duba tambur, ya ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa yana saurare kamar mai sayen kankana. Ya ce aikin minti goma ne. Ƙarfe in ya sha wuta buɗewa yake yi, in ya buɗe dole ya saki abin da ya ciza, haka ake cire ruwan fartanya daga ƙota tun zamanin kakanni. Ba mutumin banza ba ne a sana'arsa. Kafin ya kwance buhun gawayi sai da ya zaga ya sansana bakin tankin da na bari a buɗe, sannan ya tambaya ko akwai mai a wani wuri a jikin motar. Na buɗe baki, amma Yaya ya riga ni. Ya ce babu, a gabansa aka zuƙe, kuma ƙanensa ya rantse masa.

Da ya ce ƙanensa ya rantse masa, sai na ji harshena ya manne kamar tambur ɗin. Na dubi rumbun. Na kara ne da zana, rufin ciyawa, ya sha ranar kaka ya bushe ƙayau, kuma tsakaninsa da gindin motar ko akuya sai ta karkace kafin ta wuce. Abincin gidan ne kaf a ciki, na shekara guda.

Na fara kawo dalilai. Na ce yau Talata, ba a fara babban aiki. Maƙerin ya ce shi ran Talata aka haife shi, ga shi kuwa babban aiki ne. Na ce makanisiye ya hana a sa wuta. Ya ce kakan makanisiyen ma a wurin kakansa yake sayen lauje. Na ce cikina na murɗawa, a bari sai gobe; ya ce in je in dawo, zan tarar ya gama. Da na ga babu hanya sai na ruga na jiƙa buhu sharaf, na cusa shi sama da tambur ɗin ya rufe tiyon, na ce don kada fenti ya ƙone. Maƙerin ya zaga motar yana neman fentin, ya ce in nuna masa inda yake ya gaishe shi. Har Yaya sai da ya murmusa.

Ya zuba gawayi a wani tsohon kwanon ƙarfe, ya ɗora a kan tubali biyu har ya kusa taɓa cikin tambur, ya kunna, ya zauna ya miƙe ƙafa ya kama zuga.

Na sha jin tsoro a rayuwata, kuma yawancinsa na ƙara masa gishiri in ina ba da labari. Wannan ba ya bukatar gishiri. Kowace zuga ɗaya sai garwashin ya yi ja, ƴan tartsatsi su tashi su bi iskar da ke busowa daga wajen tabki, kai tsaye wajen rumbu. Baƙin man da na zuba kwana uku ya fara soyuwa yana hayaƙi. Buhun da na jiƙa ya fara turiri. Ina kallonsa yana canza launi daga baƙi zuwa ruwan ƙasa, daga gefe yana cin tsakiya. Na ƙara masa ruwa da moɗa, maƙerin ya daka mini tsawa ya ce ina kashe masa wuta. A bayana matata da matar Yaya na sussuka suna hira, yara na wasa a ƙofar ɗaki. Na shiga lissafin wanda zan fara ɗauka in gudu da shi, na ga hannuna biyu ne kawai. Gumi ya bi bayana ya cika mini wando. Na ce a raina saura kaɗan, yanzu zai saki, yanzu zai janye wutar, ba wanda zai taɓa sani. Na faɗi haka ya fi sau ɗari.

Sai na ji warin. Siriri ne, a ƙarƙashin warin gawayi da na mai, amma hancin direba ba ya ɓata shi.

Na ce, "Yaya." Muryata ta fito kamar ta ɗan tsako. "Yaya, ƙarya na yi maka. Akwai tanki na biyu, cike yake, ga shi nan bisa wutar."

Maƙerin bai ma daina zuga ba. Ya ce wannan ne fa ya ce ya kama kifin da sai da aka ɗaure shi da igiyar raƙumi, yanzu kuma ya ga aiki zai ci ya ƙirƙiro tanki don ya hana ubangidansa suna. Yaya bai yi dariya ba. Ya ɗago ya dubi fuskata, ya ajiye igiyar a hankali, ya miƙe tsaye.

A daidai nan tambur ya saki. Ƙara ya yi, ƙau, kamar an fasa dutse. Ban san lokacin da na faɗi ba, na dai tsinci kaina a ƙasa ina salati, ina jiran in ji ko na mutu. Girgizar ta kakkaɓo buhun ya faɗo gefe, busasshe. Daga inda nake kwance na ga tiyon. Zafi ya narkar da robar da aka ɗaure shi da ita, ta warware, bakinsa yana miƙewa a hankali, ga ɗigo na sauka a yashi, ɗaya, biyu, kusa da tubalin da kwanon ke kai.

Maƙerin ma ya gani. Ban taɓa ganin dariya ta bar fuskar mutum da sauri haka ba. Ya sa hannu biyu tsirara ya sunkuci kwanon garwashin ya yi wurgi da shi. Ni kuma na ja ciki na shige ƙarƙashin motar, na cafke tiyon na lanƙwashe shi na matse. Wurin da ɗigon ya jiƙa ya ce fuf, wata shuɗiyar wuta ta tashi ta kama hannun rigata. Yaya ya dinga watso mini yashi da hannu biyu, a hannu, a fuska, a baki, har ta mutu. Ya binne ni rabi, ban saki tiyon ba.

Na ɗauka an gama, sai na ji matar Yaya ta ƙwala ihu. Wurgin da maƙerin ya yi bai kai inda ya nufa ba. Kwanon ya bugi gefen motar, garwashi ya watse, wasu sun gangara ƙarƙashin rumbu. Rumbun a kan duwatsu da itace yake zaune, ƙasa ƙasa, hannu ba ya kaiwa tsakiya, kuma ƙarƙashinsa cike yake da ƙaiƙayi da iska ta tara. Mata suka juye duk randunan gidan a wurin. Hayaƙi ya ɗauke. Aka tsaya ana kallo. Can sai ga shi ya sake fitowa, siriri, ba daga ƙasa ba, ta tsakanin zanar, daga ciki.

Yaya ya ce a ɗage rufin.

Wanda ba ɗan ƙasar nan ba ba zai gane nauyin wannan magana ba. A wurinmu ba a leƙa rumbun mutum. Matarsa ma ba ta leƙawa, abin da ya fiddo ya ba ta shi ta sani. Tun rasuwar mahaifinmu ƙafar Yaya kaɗai ke shiga namu. Ga shi ihun matan ya tara maƙwabta, sun tsallako darni da bokitai, duk unguwa na tsakar gidanmu, kuma a gabansu za a zazzage shi.

Ni ban ga komai ba sai ƙafafu. Ina kwance rub da ciki, kuncina a yashi mai zafi, hannuna na dama a sama riƙe da tiyo mai laushi kamar dafaffen hanji. Tambur ɗin da ya sha wuta yana daf da kafaɗata, in na motsa ya lashe ni. Ƙafafu na gudu suna bugun motar, ita kuma tana lilo a kan kirik da turmi, turmin yana ƙara. In na saki, bido uku za su malale zuwa gindin rumbun da ke hayaƙi. In na zauna, ko motar ta danne ni ko wutar ta iso ni. Yatsuna suka fara mutuwa, isansi na tsattsafowa ta tsakaninsu yana bin damtsena har hammata. Na yi wa Allah alkawura a ƙarƙashin motar nan waɗanda ko waliyyi ba zai iya cikawa ba.

Ina jin dammunan gero na faɗowa ƙasa, tim, tim, ana miƙa wa juna. Na sa rai za a kai azahar ana fiddawa. Ba a daɗe ba sai na ji tim ɗin ya tsaya. Na ɗauka wutar ce ta fi ƙarfinsu, na rufe ido. Sai na ji muryar Yaya daga cikin rumbu yana cewa a miƙo ruwa, ga ta nan. Dami biyu na can ƙasa ne suka kama suna ci a hankali, daɓen zanar ya ɓule faɗin faifai. Aka kashe.

Aka manta da ni. Na yi ta kira a hankali, don ban ga fuskar da zan ɗaga murya da ita ba. Maƙerin ne ya tuna. Ya durƙuso da bido, hannayensa duka biyu a naɗe cikin gefen rigarsa. Na tambaye shi ko ya ƙone, ya ce wuta ba ta cin ɗan maƙera, sanyi yake ji. Da gwiwar hannu ya turo mini bidon. Muka tsiyaye tankin bido bayan bido, maƙwabta na fita da su bayan gari. Da aka gama sai da aka ɓamɓare mini yatsu ɗaya bayan ɗaya, sun ƙi buɗewa. Ina fitowa maƙerin ya sa ƙafa ya ɗan taɓa tambur ɗin, abin da na yi kwana uku ina bugu ya zame ya faɗo, ya gangara ya kwanta a rana.

Sannan na juya na ga geron.

Ɗan tsibi ne a tsakar gida, wanda amalanken jaki zai kwashe a sahu biyu. Na duba bayan rumbu ko akwai wani tsibin. Babu. Maƙwabta duk sun sami abin kallo a sama ko a yatsun ƙafarsu, suna zarewa ɗaya ɗaya suna cewa Allah ya kiyaye gaba, ba wanda ya bari idonsa ya sauka a kan tsibin ko a kan Yaya. Ashe tsutsa ta cinye gonarmu ta wajen Gabi. Ni duk damina ina bakin tabki wajen lambu, in na je gona ma surutu na fi yi. Yaya ya kwaso abin da ya samu shi kaɗai, kaɗan kaɗan, ya rufe rumbun da wuri don kada kowa ya ƙirga, har mu na cikin gida.

Na tsaya ina jiran faɗa. Da ya zage ni, ko ya ɗauki igiyar da yake tufka ya zabga mini, da na ji sauƙi. Ya yanko sabuwar zana ya toshe ɓulin, ya share ƙaiƙayin ƙarƙashin rumbu da dogon kara, ya jira wurin ya bushe. Bayan la'asar, da gidan ya koma mu kaɗai, ya ce in hau in shiga, ni zan jera.

Rabona da cikin rumbun nan tun ina yaro. Warin hayaƙi ya cika shi. Yana miƙo mini dami ina jerawa da hannun hagu, na dama ya kumbura. Da ya miƙo na ƙarshe geron bai kai ƙuguna ba. Na tsaya a ciki ina duban bangon zana da ya rage fili har sama da kaina. Na tambaye shi zai kai mu wane wata.

Ya ce, "In an yi hankali, tsakiyar bazara. Ban ɓoye wani a wani wuri ba." Ya dubi motar. "Ka gyara ta. Abin da ta kawo daga Maraɗi shi za mu haɗa da wanga."

Muka kama rufin mu biyu muka mayar. Na je na ɗauko tambur ɗin, ya huce. Na zauna a gindin dogon yaro na ɗora shi a cinya, na ɗebo yashi da tsumma na shiga goge tsatsar cikinsa.